Aƙidar Siyasa da Maganin Karayar Tattalin Arziki

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya, yana son ya san ko aƙidar masu mulki tana da tasiri yayin da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe. Malam, tana da tasiri ƙwarai, hujjarmu kuwa ita ce musibar da ta afka wa Amurka bayan rushewar kasuwar hannun jari ta New York a watan Oktoba na 1929, wadda ta kai ga cewa a 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi, bankuna dubbai sun rufe, har farashin gyaɗa a Kano ya faɗi warwas.

Shugaban Amurka na lokacin, Hoover, duk da bai naɗe hannu ba, ya yi imani cewa wajibi ne hukuma ta daidaita kasafinta, ta bar kasuwa ta warkar da kanta. Roosevelt kuwa, da ya karɓi mulki a 1933, sai ya ɗauki marasa aiki suna gina hanyoyi da madatsun ruwa, ya kuma ba ajiyar talakawa a banki lamuni, matakin da a ganina ya fi kusa da maslahar al'umma, domin mai jin yunwa ba ya iya jiran kasuwa ta farfaɗo. A 1936 masanin Ingila Keynes ya bayyana illar tsuke aljihun gwamnati lokacin fatara, kuma da Roosevelt kansa ya rage kashe kuɗi a 1937, rashin aiki ya sake hauhawa.

A Jamus ma, inda shugaban gwamnati Brüning ya dage kan tsuke bakin aljihu, marasa aiki sun kai miliyan shida a 1932, kuma a Janairun 1933 Hitler ya hau mulki.