Ba Iska Ba Ce, Curin Jijiya Ne a Ƙwaƙwalwa

Wansa ne ya riƙo shi zuwa ɗakin da nake duba marasa lafiya. Yaron mota ne, shekararsa ashirin da shida, yana bin tirelar da ke sauke albasa a kasuwar Akinyele da ke Ibadan. Da ya buɗe baki na ga haƙoran gaba biyu babu, gefen harshe duk tabo. Na ce ya cire takalmi. Tafin ƙafarsa na dama ƙuna ce da ta warke ta tattare.

Na tambayi wan, "Malam, wa ya yi masa wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Likita, garin taimako ne. In abin ya tashi sai a sa masa cokali, wani kuma ya ce a kara ƙafar a wuta ya farfaɗo."

Shekara uku ana haka. An yi hayaƙi, an sha jiƙo, an kai shi gun wani mai magani a bayan unguwar Sabo da ya karɓi kuɗin rago ya ce aljana ce ta aure shi. Wani mai kemis kuma ya yi ta ɗirka masa allurar zazzaɓi. Duk cikinsu ba wanda ya ce a ɗauki hoton kan.

Siti sikan ɗin farko bai nuna abin kirki ba, kuma haka wannan cuta take, takan ɓuya masa. Da ƙyar 'yan uwa suka haɗa kuɗin MRI. Sai ga shi a gefen hagu, daidai saman kunne: ɗan curi kamar ƙwayar gugguru, baƙin zobe ya kewaye shi. Kabanoma ke nan, tarin ƙananan jijiyoyin jini masu siririn bango da ke tsattsafar da jini kaɗan-kaɗan. Zoben tsatsar tsohon jini ce, ita ke tsokanar ƙwaƙwalwa har farfaɗiya ta tashi. Kusan mutum ɗaya cikin 200 na ɗauke da shi, da yawa har su tsufa ba su sani ba. Wasu ciwon kai ke kawo su, wasu gani biyu-biyu ko mutuwar hannu, musamman in curin yana can tushen ƙwaƙwalwa. Shi ne ya tayar wa 'yar tseren Amurka Florence Griffith Joyner farfaɗiyar da ta kashe ta cikin barci a 1998, tana da shekara 38.

Nasa yana inda wuƙa za ta kai. Na ɗora shi kan magani, na rubuta masa takarda zuwa likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. A Ibadan muke fa, garin da Farfesa Latunde Odeku ya fara wannan tiyata a asibitin UCH tun 1962. Na ce masa kada ya hau saman kaya, kada ya tuƙa, kada ya yi fashin ƙwaya ko ta kwana ɗaya. Sau uku na maimaita, wan yana gyaɗa kai.

Wata huɗu bai faɗi ba. Sai mai maganin nan ya aiko cewa aikinsa ne ya ci, ƙwayar asibiti kuwa tana kashe mazakuta. Yaro mai shirin aure, sai ya ajiye ta. Kwana tara bayan haka abin ya kama shi yana kan buhunan albasa, ya faɗo ta ka. Kafin a iso da shi rai ya yi halinsa.

Na san kwana ya ƙare, ba na jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya ce ya bar magani zai amsa tambaya gaban Allah. Har yau in na tuna da shi raina ɓaci yake.

Baligin da farfaɗiya ta fara kamawa da girmansa, a ɗauki hoton kansa. A yi addu'a, a kuma ɗauki hoton. Kada a cusa komai a bakin mai farfaɗiya, ba ya haɗiye harshensa. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. In ta wuce minti biyar, asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. Kuma don Allah a bar wutar nan! Ba a daina maganin farfaɗiya don an ji sauƙi, maganin ne ya kawo sauƙin. Ba a daina shi farat ɗaya. Mai kemis ba shi da ikon canja shi.

Da wan ya zo yi min godiya bayan sadakar bakwai, ya ambaci cewa mahaifinsu ma yakan faɗi, wata ƙanwarsu a gida kuma ciwon kai ya hana ta sakat. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kabanoma gadonsa suka yi, kuma irin nasu curin yakan zo da yawa. Na ce masa, "Malam, a kawo min ita, kada a jira ta fara faɗuwa." Ya ce sai bayan an sayar da kaya. Na rubuta masa lambata a bayan katin ƙanensa.