Zaɓen Kyamara Mai Faffaɗan Fim Domin Nazarin Halittu

Ɗalibin da ke son adana siffar ganyen kaɗanya a dajin Bukkuyum, ko kifin da masunta suka kamo daga Gulbin Zamfara a Gummi, yana bukatar hoton da za a faɗaɗa ba tare da ya dushe ba. Amfanin fim mai lamba 120 ke nan, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1901.

Fim yana aiki ne kamar tantanin bayan ido, wato shi ke karɓar haske. Dodon hoton ƙaramin fim milimita 24 ne sau 36, na faffaɗa kuwa kimanin 56 sau 56. Filinsa ya ninka na ƙaramin fiye da sau uku, don haka jijiyoyin ganye ke fitowa sarai. Sai dai naɗi ɗaya hoto 12 kacal yake ɗauka.

Masu sauƙin kuɗi galibi tsofaffi ne masu ido biyu: na sama domin hange, na ƙasa domin ɗauka. Lubitel 166 ta Rasha da Seagull ta Sin sun fi araha. Yashica Mat-124G, wadda aka ƙera a Japan daga 1970 zuwa 1986, ta fi su kaifin gilashi, kuma tana ɗaukar hoto ko babu batir. Holga ta roba ce, haske yakan kutsa cikinta, ba ta dace da aikin kimiyya ba.

Ido biyun nan yana da illa. Miƙa yatsanka gaban fuskarka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya. Za ka ga kamar yatsan ya gusa. Haka idanun kyamarar ke saɓawa idan abu ya matso kusa. Ga itace ko garken shanu babu damuwa, amma mai son ɗaukar fara ko furen ɗorawa gara ya nemi Mamiya C220, wadda zugazuginta ke ba ta damar matsowa, tana kuma da alamar gyara saɓanin.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe bayan kyamara, a haska tocila cikin gilashin. Idan an ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce. Laimar damina ke rayar da ita, tana cin fuskar gilashi har ya lalace. A gwada marufin haske a kowane mataki, a saurara ko yana sarƙewa.

Yau wayoyin hannu sun mamaye ɗaukar hoto, fim ya yi tsada. Saboda haka malami ya fara tabbatar da inda zai sami fim da inda za a wanke shi, kafin ya taɓa kuɗin ƙungiyar kimiyya. A ajiye fim nesa da zafi, a kāre kyamara daga ƙurar hunturu. Dodon hoton baƙi da fari, in an wanke shi da kyau, yakan yi shekaru da dama ba ya bukatar lantarki.