Yadda Ake Ƙananan Zane-zanen Indiya da Haɗa Launukansu

A 1555 Sarki Humayun ya koma Delhi tare da masu zane biyu daga Farisa, Mir Sayyid Ali da Abdus Samad. A fadar ɗansa Akbar hannun Farisa ya gauraya da na Indiya, kuma har yau a Jaipur da Udaipur ana koyar da sana'ar kusan yadda aka gaje ta.

Fara da takarda. Ana kiranta wasli: falle uku ko huɗu na takardar hannu a manne da kunun fulawa, a ɗan sa maganin ƙwari a ciki. In ta bushe, ka dirje ta da dutse mai santsi har ta yi sulɓi.

Sai launi, kuma nan aikin yake. Ja daga jar ƙasa, baƙi daga hayaƙin fitila, fari daga alli, kore daga dutsen malakait. Shuɗi kuwa ko shuni, ko dutsen lazuward na Badakhshan da ke Afganistan, wanda tsadarsa ta sa ba kowane zane ke samunsa ba. Ka niƙa kowanne da ruwa, ka tace, ka sake niƙawa har ka daina jin tsakuwa tsakanin yatsunka. Sannan ka ɗiga ruwan ƙaro, irin wanda ake sa wa tawadar allo, ka dama da yatsa a cikin ƙumba. Ƙaro in ya yi yawa launi ya tsage, in ya yi kaɗan ya kakkaɓe. Gwada a gefen takarda tukuna. Akwai wata rawaya ta da, peori, da aka ce daga fitsarin shanun da aka ciyar da ganyen mangwaro ake samunta. An daina yinta, kada ka wahalar da kanka.

Buroshi na gashin jelar kurege ne. Zauna a ƙasa, allo a kan gwiwa, ka fitar da siffa da siririn layi ja. Shafa farin alli mai ruwa-ruwa a kai yadda layin zai riƙa lekowa, ka sake bi da baƙi.

Yanzu cika launi, shafi mara kauri. In ya bushe, ka kife zanen a kan gilashi ka dirji bayansa da dutsen nan mai santsi. Ƙara wani shafin, sake dirzawa. Masu gaggawa nan suke faɗuwa: su lafta launi sau ɗaya, zanen ya fito dishi-dishi, alhali ƙyallin nan daga dirza yake zuwa.

Inuwar fuska da ninkin tufafi ana yin su da pardakht, wato ɗige-ɗige da gajerun layuka ƙanana ƙwarai, buroshi kusan a bushe. Kunci guda na iya cinye maka yini.

Ruwan zinare da fararen ɗigon lu'ulu'u su ne na ƙarshe. Zinaren a goga shi ta gaba, a hankali, bayan ya bushe sarai.