Gidaje Nawa Ne a Rukunin da Za Mu Sayi Kaso?

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester. Zaman haya ya ishe mu, ni da maigidana, sai muka samu gida a wani sabon bene, irin tsarin nan na Ingila da mutum zai sayi kaso ya riƙa biyan haya a kan ragowar. Kashi 25 cikin ɗari za mu saya. Na tambayi mai tallar gidan adadin gidajen rukunin, ta ce kusan sittin, takardar tallarsu kuma ta ce sun haura ɗari. Maigida ya ce in bar bin diddigi kada a ba wani. A ina zan samu gaskiya?

'Yar uwarku a Manchester

To, 'yar uwa. Ki lallaɓi maigida, amma kada ki fasa binciken. Ta yiwu ma babu wanda ya yi miki ƙarya: ita benenku take ƙirgawa, takardar kuma ta haɗa har da waɗanda ba a kafa tubalinsu ba.

Ki fara da shafin intanet na ƙaramar hukumar yankin, ɓangaren izinin gine-gine. Kyauta ne, adireshi kawai za ki sa. Takardun neman izini suna faɗin yawan gidajen, yarjejeniyar Sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 kuma takan fayyace nawa ne na sayen kaso, nawa ne na haya mai rangwame. Ki bi takardun har ta ƙarshe, domin magina kan koma su nemi a sauya adadi.

Sai dai wannan ƙirgen ba shi ne zai taɓa aljihunku ba. Abin dubawa shi ne gida nawa ake raba wa kuɗin hidima, wato na shara, lifta, inshorar gini da asusun manyan gyare-gyare. A nan tsarin yake da cizo: ko da kashi 25 kuka mallaka, kuɗin hidimar gidanku cikakke za ku biya, ba rubu'i ba. A ce gyaran lifta ya ci fam 30,000. In gida 60 za su raba, fam 500 ne kowa. In gida 20 na ƙofarku ne kaɗai, fam 1,500 ke nan. Wani wurin ma kuɗin kashi biyu ne, na bene daban, na farfajiya daban, wani kuma da faɗin gida ake awo.

Wannan rabon yana cikin yarjejeniyar mallakar gidan, wadda masu talla ba su cika ɗokin buɗewa ba. Ki sa lauyanku ya nemo kwafinta daga ƙungiyar gidajen da za ta sayar muku da kason, tare da kasafin kuɗin hidima na bana, ya kuma tambaye su adadin a rubuce. Dillalin da ke nemo muku bashin gida shi ma zai so wannan adadi, don wasu bankunan suna ƙayyade gidajen da za su ba da bashi a kansu a gini guda.

Kada ku biya kafin alƙalami sai takardun nan sun shigo hannunku. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri.