Taswirar Tunani: Yadda Za Ka Tsara Wa Yaran Firamare Aikin Hutu

Idan aka tafi dogon hutu, da yawa daga cikinmu lesin muke buɗe wa ƙannenmu da yaran unguwa. Duk wanda ya taɓa ba su aikin rukuni ya san yadda ake ƙarewa: yaro ɗaya ya yi komai, sauran su jera sunayensu a ƙasan takarda. Galibi laifin na mai tsarawa ne, domin tun farko bai faɗa wa kowane yaro ainihin abin da ke wuyansa ba. A nan taswirar tunani ke da rana.

Joseph Novak ne ya ɓullo da wannan dabara a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, lokacin da yake bin diddigin yadda yara ke fahimtar kimiyya. Ya ɗora ta a kan ra'ayin David Ausubel cewa sabon ilimi yana zama ne idan ya haɗu da abin da yaro ya riga ya sani. Taswirar kalmomi ce cikin akwatuna, an haɗa su da kibiyoyi, kuma a kan kowace kibiya an rubuta kalmar da ta bayyana alaƙarsu.

Mataki na farko, a fara da tambaya, kada a fara da take. "Sauro" take ne. "Me ya sa sauro ke yawa a unguwarmu da damina?" tambaya ce, kuma da yake hutun kan faɗo a watan Agusta, yaran suna ganin abin da idonsu.

Na biyu, bari yaran su kawo kalmomi 15 zuwa 25, kowace a ƙaramar takarda: ruwan sama, kududdufi, kwata, ƙwai, tsutsa, cizo, zazzaɓi, gidan sauro, asibiti. Kada ka gyara musu tukuna.

Na uku, a shimfiɗa kwali a ƙasa, tambaya a sama, manyan kalmomi a ƙarƙashinta, ƙanana a can ƙasa. Sai a ja kibiyoyi. Dokar ita ce akwati biyu da kibiyarsu su karantu kamar jimla: "kududdufi yana ƙyanƙyashe ƙwan sauro". A nan za ka kama abin da ke kan yaro. Wani zai rubuta "ɗanyen mangwaro yana kawo zazzaɓi" don haka ya ji a gida. Kada ka goge, sa alamar tambaya, ya zama abin da rukuninsu zai bincika.

Na huɗu, a raba aiki bisa rassan taswirar. Rukunin ruwa su zagaya unguwa da babba, su ƙirga kududdufai. Rukunin rayuwar sauro su zana matakansa huɗu, daga ƙwai zuwa babban sauro, wanda a yanayin zafi kan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Rukunin kariya su tambayi ma'aikacin lafiya dalilin da ya sa macen sauro ce kaɗai ke cizo, da yadda ake rataya gidan sauro. Kowane akwati a rubuta sunan yaro ɗaya a gefensa. Ka ga babu mai laɓewa ke nan.

Ranar ƙarshe su sake zana taswirar ba tare da kallon ta farko ba, sannan a jera su biyun a bango. Ka duba kibiyoyin da suka tsallaka daga wani reshe zuwa wani, misali daga "cike rami" zuwa "raguwar zazzaɓi". Su ne shaidar cewa rukunonin sun saurari juna.

Kwali ɗaya da maka sun isa. Mai kwamfuta zai iya sauke manhajar CmapTools kyauta. Kuma kafin ka gwada a kan yara, zana wa furojet ɗinka na ND ko HND irin wannan taswira. Kibiyar da ka kasa rubuta wa kalma, wajen ne ba ka gane ba, kuma gara ka gano da kanka kafin sufabaiza ya gano maka.