Guzurin Ranar da Mota Ta Lalace

Da an gama girbi a Adar, tashoshin Tawa sai su cika da samari 'yan bida. Wasu kudu suka nufa, Najeriya ko Abijan, wasu kuma arewa, ta Abalak zuwa Agadas da Arlit, har Aljeriya ko Libiya. Daga Afala da ƙauyukanta, da wuya a sami gidan da bai taɓa rakiyar ɗansa ba. Idan aka buɗe jakar matafiyin, za a ga tufafi masu kyau, da turare, da caja, da laya. Ruwa kuwa, sau da yawa gora ɗaya ce ta lita ɗaya da rabi, wai ai direba ya ɗauko.

Mai wannan rubutu ma'aikacin jinya ne a wannan yanki, kuma irin waɗanda ake kawo masa bayan sun kwana a daji ne suka sa shi ɗaukar alƙalami: leɓe a tsage, harshe a bushe, fitsari ya ɗauke, wani ma ba ya gane mahaifinsa. Kusan dukkansu magana ɗaya suke yi idan sun farfaɗo, cewa sun yi lissafin ruwan tafiya, ba su yi na tsayawa ba.

Abin da ya faru a watan Oktoba na 2013 ya isa darasi. An tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka watse cikin rairayi neman rijiya. A 2017 kuma mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, nan ma lalacewar mota ce sila. Kada wani ya ce wannan sai can cikin Tenere. Ɗan kabu-kabun da taya ta fashe masa da tsakar rana a hanyar Cintabaradan, cikin watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi ma yana cikin wannan haɗari, sai dai nasa ba ya shiga rediyo.

Don haka ruwa ne farkon guzuri. Babban mutum da ke zaune a inuwa cikin bazara yana buƙatar aƙalla lita huɗu zuwa biyar a yini, mai tafiya a rana kuwa yakan zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Lissafin da ya dace shi ne na kwanakin tafiya, a ƙara na kwana biyu na ko-ta-kwana, kuma kowa da nasa, ban da na direba. A raba shi cikin jarka biyu ko uku, domin idan ɗaya ta fashe a kan gargada kada a rasa duka. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba ta ruwan sha ba ce, ko sau nawa aka wanke ta. Makiyayan Azawak da ke naɗe jarka da buhu su jiƙa shi sun san abin da suke yi: iska na busar da buhun, ruwan ciki na yin sanyi, kamar yadda salka take yi.

Akwai kuskuren da ya fi ba ma'aikacin lafiya takaici, wato mutum ya galabaita alhali da sauran ruwa a gorarsa, yana tattalinsa. Gumi ake tattali. A sha daidai ƙishirwa, a rage motsi, a rufe jiki da tufafi masu faɗi, a naɗa rawani ya rufe kai da wuya da baki. Cire riga don jin iska ƙara ƙona ruwan jiki yake yi. Ruwan lagireto na iya ɗauke da guba mai kashe ƙoda, fitsari kuma ƙara ƙishirwa yake. Duka biyun ba abin sha ba ne.

Bayan ruwa sai gishiri da sukari. Ƙunshin garin ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu zawo yana da arha a kowane kantin magani, kuma babba ma yana yi masa aiki, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya. In babu, a haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, ba tozo, da rabin cokali na gishiri a lita guda. Wannan ga wanda ke cikin hayyacinsa ne. Wanda ya soma sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa, a yi ta fifita, a kwantar da shi ta gefe, a nemi asibiti mafi kusa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Tiramol da wasu samari ke haɗiya wai don jure wahalar hanya, shi kuma ɓoye gajiya yake yi har jiki ya faɗi, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

Abinci ba shi da wuya: dabino, biskit, garin rogo da sukari. Kilishi da cuku a bar su sai ruwa ya wadata, don suna ƙara ƙishirwa.

Sauran kayan duk za su shiga ƙaramar jaka ɗaya. Tocila da batir, ashana ko laita a cikin leda, wuƙa, igiya, bandeji da sabulu, ƙaramin madubi don haska wa motar da ke nesa, da babban zane ko tamfol na yin rumfa. Bargo ma wajibi ne daga Disamba zuwa Janairu, saboda sanyin dare a arewa yana kayar da mutum. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya riƙe maganinsa a aljihu, kada ya sa shi cikin kayan da aka ɗaure a saman mota. Lambobin waya a rubuta su a takarda, domin salula na mutuwa, kuma da an yi nisa da kwalta sabis yakan ɗauke. Inda akwai shi, 18 ta 'yan kwana-kwana ce, 17 ta 'yan sanda.

Maganar maciji tana buƙatar tsayawa, don nan al'ada da asibiti suka fi saɓawa. Kububuwa tana da yawa a wannan ƙasa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ya tsaga wurin sara da reza ya buɗe ƙofar zubar jinin da ba ya tsayawa. Ɗaure ƙafa tamau da igiya na iya kashe ta har a yanke, tsotsa ba ta fitar da dafi, baƙin dutse ma haka. Abin yi shi ne a cire zobe da takalmi kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa inda ake da allurar dafi, ko da ya ce ba ya jin komai. Harbin kunama ga ƙaramin yaro shi ma na asibiti ne. Takalmi rufaffe da haska ƙasa kafin a shimfiɗa tabarma suna hana da yawa daga ciki.

In mota ta mutu, a zauna kusa da ita. Masu nema sun fi saurin ganin mota da mutum ɗaya a ƙafa, kuma tana ba da inuwa. Tsohuwar taya in an ƙona ta da rana, bayan an sace iskarta, baƙin hayaƙinta ana hango shi daga nesa. In tafiya ta zama dole, a yi ta da asuba ko bayan la'asar sakaliya, a kan sawun mota, a bar takarda mai nuna inda aka nufa.

Duk wannan yana aiki ne idan akwai wanda ya san an ɓata. Kafin a tashi, a gaya wa wani a gida hanyar da za a bi, da lambar motar, da sunan direba, da ranar da ya kamata a kira. In ranar ta wuce shiru, ya je wurin jandarma, kada ya jira mako. A kuma tambayi halin tsaron hanya tun daga tasha. Iyaye da matan da ke haɗa wa ɗan bida kaya a bana, ku duba jarkarsa da idonku kafin ku yi masa addu'ar sauka lafiya, in ba ta kai ba kada ya hau motar.