Fumfuna a Ledar Naman Kaza: A Fitar da Ita Tun da Wuri

Mai noman naman kaza a soro ko ɗakin ƙasa cikin birnin Kano, ka sani sanyi da laimar da nomanka ke so su ne fumfuna ma ke nema, musamman a watan Agusta da damina ta nutsa. Farar saƙa mai kama da auduga alamar lafiya ce. Da ka ga ɗigon kore ko baƙi a jikin leda, fumfuna ta shiga, kuma iska ke kwasar ƙurarta zuwa sauran ledoji.

Wani zai ce asara ce a zubar da leda guda, a kankare wurin kawai. Ai zaren fumfunar ya riga ya ratsa ciki, kankarewa kuwa watsa ta take yi. Ɗaure ledar, ka fitar da ita ba tare da ka buɗe ba, ka binne nesa da gida. Nan gaba, jiƙa garin katakonka daidai, yadda in ka matse a hannu ruwa ba zai zuba ba. Turara shi a durom na sa'o'i da dama, ya huce a rufe. Wanke hannu da sabulu kafin zuba iri; sai bayan ka gama ka rufe ledojin, sannan ka bar taga a buɗe kaɗan. Rigakafi ya fi magani.